Tsohon Kututture da Sabon Toho

Karatu: 1 Sarakuna 12:1-19; Littafin Ƙidaya 8:23-26; Ezra 3:8-13

  Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu na yammacin Jihar Katsina, na Safana da Runka da Batsari da Dutsin-Ma, da na ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, manoma da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da masu sana'ar hannu. Kullum muna tunawa da ku cikin addu'a.

Yau za mu yi tunani a kan zaman tsofaffi da matasa a kan aiki guda. Akwai maganganu biyu da kunnuwanmu suka saba ji a wuraren aiki. Ta ɗaya, sai ka ji an ce da dattijo, "Baba, zamaninku ya wuce, ku je ku huta." Ta biyu kuwa, sai ka ji an ce da saurayi, "Kai yaro, yaushe aka haife ka da za ka sa mana baki?" Maganganun nan biyu uwarsu ɗaya, watau auna darajar mutum da yawan shekarunsa. Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wani sarki wanda wannan hali ya sa ya yi hasarar yawancin mulkinsa cikin kwana uku. Bari mu dube shi tare.

Sarkin da ya saurari tsaransa kaɗai

Sa'ad da sarki Sulemanu ya rasu, ɗansa Rehobowam ya tafi Shekem domin jama'ar Isra'ila su naɗa shi. Maganar da jama'a suka kawo masa ran nan maganar aiki ce. Sulemanu ya yi gine-gine masu yawa, kuma da gumin talakawa aka yi su. A sura 5 ta wannan littafi an faɗa mana ya ɗebi mutum 30,000 domin aikin tilas, yana aika 10,000 zuwa Lebanon kowane wata, su yi wata ɗaya a can, wata biyu a gida. Mutane sun gaji. Sai suka roƙi sabon sarki ya sassauta musu, su kuwa za su yi masa biyayya. Rehobowam ya ce su ba shi kwana uku.

Da fari ya yi daidai, gama ya kira dattawan da suka yi wa ubansa aiki, ya nemi shawararsu. Dattawan nan sun ga yadda aka tara ma'aikatan, sun ji gunagunin da ake yi shekara da shekaru, sun san iyakar abin da wuyan talaka zai iya ɗauka. Shawararsu ita ce sarki ya ƙasƙantar da kansa a ran nan, ya yi wa jama'a magana mai daɗi, su kuwa za su zama nasa har abada. Amma shawarar ba ta gamshe shi ba. Ya sallame su, ya kira waɗanda suka tashi tare da shi a fada, su kuwa suka zuga shi ya nuna ƙarfi, ya gaya wa jama'a nauyin da zai ɗora musu zai fi na ubansa, horonsa kuma zai fi zafi. Haka ya yi. Kabila goma suka juya masa baya. Da ya aiki shugaban aikin tilas wurinsu, suka jajjefe shi har ya mutu, sarki da kansa ya hau karusa ya gudu zuwa Urushalima.

Sau da yawa akan karanta labarin nan domin a tsawata wa matasa kawai. Amma mu duba da kyau. A sura 14 an faɗa mana shekarun Rehobowam 41 sa'ad da ya hau gadon sarauta. Ashe waɗanda suka ba shi muguwar shawarar nan magidanta ne, tsaransa, waɗanda suka ci abinci tare, suka yi wasa tare, suka ga duniya ta taga ɗaya. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san abin da shi bai sani ba. Ya tambaye su ne domin ya ji muryar kansa daga bakin wani.

Ga kuma abu na biyu. Rehobowam bai taɓa zaunar da ƙungiyoyin nan biyu a ɗaki ɗaya ba. Ya ji dattawa su kaɗai, ya ji tsaransa su kaɗai. Da ya haɗa su, da wataƙila wani dattijo ya tambayi masu zafin kan nan ko sun taɓa ganin fuskar mutumin da ya dawo daga sarar itace a Lebanon. Da wataƙila kuma wani daga cikin tsaran sarki ya tambayi dattawan yadda za a sassauta ba tare da mulki ya raunana ba. Tsakanin tambayoyin nan biyu da an sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gama a shekara ta biyar ta mulkinsa Shishak sarkin Masar ya zo ya kwashe dukiyar Haikali da garkuwoyin zinariya na Sulemanu, Rehobowam ya maye gurbinsu da na tagulla.

Wannan shi ne darasinmu na yau, 'yan'uwa. Duk aikin da aka bar wa tsara ɗaya, ko ta tsofaffi ko ta matasa, aiki ne mai ido ɗaya. Allah ya shirya mu yi aiki a gauraye.

Yadda muke auna mutum da shekaru

A ƙasarmu ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga na malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A 2018 kuma aka rage shekarun tsayawa takara, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Dokokin nan biyu suna nuna hukuma ma ta lura cewa an rufe ƙofa da wuri a gaban manya, an kuma makara wajen buɗe ta ga yara.

Amma doka ba ta canja zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2021 wanda ya nuna mutum ɗaya cikin kowane biyu a duniya yana da halin rena tsofaffi. Mu ma muna ganin abin a kusa da mu. Sau nawa ake tallar aiki a ce kada mai nema ya wuce shekara kaza, a kuma ce sai wanda ya goge a aikin? Wanda ya daɗe a makaranta saboda yajin aiki ko rashin kuɗi, an ce ya tsufa. Wanda ya gama da wuri, an ce bai goge ba. Daga nan ne jarabar rage shekaru take shigowa, mutum ya je ya yi rantsuwa a kan ranar haihuwar da ba tasa ba domin ya sami aiki, ko domin ya ƙara daɗewa a kan kujera. Mai bi ba shi da izinin yin rantsuwar ƙarya komai matsi. Amma wanda yake da ikon ɗaukar ma'aikata, shi ma ya tambayi kansa ko ƙa'idar da ya kafa tana tura bayin Allah cikin zunubi.

Ku dubi yadda Allah ya tsara aikin Lawiyawa a Littafin Ƙidaya sura 8. Mutum yakan shiga hidimar alfarwa yana da shekara 25. Idan ya kai 50, sai a sauke masa aiki mai nauyi, gama ɗaukar katakai da labule cikin jeji aikin masu ƙarfi ne. Amma ba a sallame shi ya koma gida ya zauna a gindin bango ba. An ce ya ci gaba da taimakon 'yan'uwansa wajen tsaron alfarwa. An sauke kaya daga kafaɗarsa, an bar idonsa da bakinsa a wurin aiki. Cikin tsarin nan akwai magana ga kowa. Dattijo ya yarda lokacin sauke kaya ya yi, ya miƙa wa na baya da farin ciki. Saurayi kuma ya yarda har yanzu da sauran amfanin wanda ya sauke. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da gona ta koya mana

Kakanninmu a ƙasar Hausa sun san wannan tun kafin a kawo ofis. A gandu, maigida da 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Tsoho ya san wace fadama ke riƙe ruwa, wane tudu ne gero ke so, wane hadari ne na gaskiya, wane ne na yaudara. Shi ke zaɓen zangarniyar da za a ajiye domin iri. Samari su ke huɗa, su ke noman fari da maimai, su ke ɗaukar dami. Maigida mai hikima kuma yakan yanka wa kowane ɗa gayauna, ya ba shi ranakun da zai yi aikin kansa, domin ya koyi riƙon gida tun uban yana da rai. Ranar gayya kuwa, ga samari a kunya suna tsere, ga makaɗa, ga dattawa a baya suna duba inda aka tsallake, ga mata manya da 'yan mata a kan tukwane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanen Safana da Batsari sun san yadda wannan tsari ya girgiza. Shekaru da yawa hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun hana mutane gonakinsu. A watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari. Iyalai da yawa sun yi gudun hijira zuwa Katsina da Dutsin-Ma da cikin garin Batsari. Samari suka bazu neman kuɗi a birane, wasu acaba, wasu leburanci, tsofaffi kuwa suka zauna a gidajen dangi, hannu ba fartanya. Gandu ya rabu biyu, ƙarfi a wani gari, sani a wani gari.

A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomin jihar. Muna roƙon Allah ya ba da salama mai ɗorewa. Amma duk iyalin da Allah ya ba ikon komawa gonarsa zai tarar da tambayoyi suna jiransa. Gonar da ta yi shekaru ba a taɓa ta ba, ina iyakarta? Wace tsamiya ce, wace gamba ce ta raba ta da ta maƙwabci? Ina burtali ya bi tun asali? Wane iri ne ya jure farin 1973 da na 1984? Amsoshin nan ba su cikin waya, suna cikin kan tsofaffi, kuma duk tsohon da aka binne ba a tambaye shi ba, an binne shi da su.

Akwai kuma abin da ya fi iyakar gona muhimmanci. Yaron da ya tashi cikin shekarun nan, tun da ya yi wayo labarin hari yake ji. Dattijo kuwa ya ga zamanin da makiyayi yakan sauka a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi, a san juna da suna har jikoki. Wanda bai taɓa ganin zaman lafiya ba, da wuya ya san kamanninta, balle ya gina ta. Dole wanda ya gani ya ba da labari.

Haka nan tsoho ba zai iya komawa shi kaɗai ba. Wa zai sassabe gonar da ta zama kurmi? Wa zai gyara rijiya, ya ta da katangar da ta faɗi? Wa zai karanta rubutun jikin buhun taki da kwalbar maganin feshi, ya san adadin da ba zai ƙone shuka ko ya cuci mai feshi ba? Wa zai bincika farashin wake a waya kafin a kai kasuwa, ya tura kuɗi ba tare da an ɗauki jaka a hanya mai hatsari ba? Yaro da gari abokin tafiyar manya ne.

Kuka da sowa a wuri ɗaya

Littafin Ezra sura 3 ya ba mu hoton mutanen da suka komo daga bauta a Babila, suka tarar da Urushalima kufai. Sa'ad da za a fara gina Haikali, Zarubabel da Yeshuwa suka sa Lawiyawa daga masu shekara 20 zuwa sama su lura da aikin. Ku lura, 'yan shekara 20 aka ba shugabancin magina. Ran da aka kafa harsashi, jama'a suka yi sowa. Amma tsofaffin da suka ga Haikali na fari kimanin shekara 50 da suka wuce, suka fashe da kuka. Muryoyin suka gauraya har mai ji daga nesa bai iya rarrabe kuka da murna ba.

Ba mu ji an ce a fitar da tsofaffin nan domin suna ɓata biki ba. Ba mu ji kuma tsofaffin sun hana yara sowa ba. Masu kuka sun san girman abin da aka rasa, saboda haka ba za su yarda a yi ginin wasa ba. Masu sowa ba su da nauyin jiya a zuciyarsu, saboda haka suna da ƙarfin halin farawa. Da masu kuka kaɗai ne, da baƙin ciki ya hana su ɗaukar dutse. Da masu sowa kaɗai ne, da ba su san abin da suke ginawa ba. Duk garin da zai tashi daga kufai, ko Urushalima ko wani ƙauye a ƙasar Safana, yana bukatar muryoyin nan biyu.

Kurmin da ke ƙarƙashin ƙasa

Idan muka bi ta Jibiya muka ƙetare iyaka zuwa arewa, za mu isa Maradi a Jamhuriyar Nijar. A 1981 wani saurayi ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo ƙasar yana aiki da mishan ta SIM. Aikinsa dashen itatuwa ne domin tare hamada. Ya yi ta dasawa, yawancinsu suna mutuwa saboda fari da iska da awaki. A 1983 ya lura da ƙananan tsire-tsiren da ke cikin gonaki, waɗanda ake sarewa kowace shekara lokacin sassabe. Da ya duba sosai sai ya gane toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu kuwa tana nan da rai, ta yi zurfi har inda laima take. Dabarar da ya koya wa manoma mai sauƙi ce: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran, a kiyaye su. Da fari an yi masa dariya. Amma bayan yunwar 1984 manoma suka fara karɓa, suna koya wa juna, aka kira abin sassaben zamani. Kalgo da sabara da gawo suka komo gonaki. An ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 sun tashi a kan kadada kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar.

Ayuba ya riga ya lura da wannan a sura 14 ta littafinsa, cewa itacen da aka sare yana da sa zuciya, gama ko saiwarsa ta tsufa a ƙasa, da ya ji ruwa zai sake toho. Dashen da ba shi da saiwa mai zurfi, rani ɗaya ke kashe shi. Kututturen da ake sare tohonsa kowace shekara kuwa ba zai taɓa ba da inuwa ba. Tsofaffinmu su ne kututturen nan. Ana wucewa ta kansu ana cewa sun ƙare, alhali saiwarsu ta kai inda tamu ba ta kai ba. Matasanmu su ne tohon. Idan aka haɗa su, itace ya kan tashi da saurin da dashe ba ya yi.

Abin da za mu yi

To, 'yan'uwa, kada mu zama masu ji kawai. Ga abubuwa huɗu da kowa zai iya farawa a wannan mako.

Na ɗaya, mu gyara harshenmu. Manzo Bulus ya koya wa Timoti, wanda saurayi ne da aka ba riƙon ikilisiyar Afisa, ya ɗauki dattijo kamar mahaifinsa, tsohuwa kamar mahaifiyarsa, samari da 'yan mata kamar 'yan'uwansa na ciki ɗaya. Ya kuma ƙarfafa shi ya yi zaman da zai rufe bakin masu rena shi saboda ƙuruciya. Malamar asibiti sabuwar fitowa, idan kin ga tsohuwar ungozoma ta yi abin da ya saɓa wa abin da kika koya, ki ja ta gefe ki ce, "Mama, ga yadda aka koya mana, ke yaya kika gani?" Ke kuma Mama, ki ce, "'Yata, nuna mini." Gyara ya shiga, mutunci bai zube ba.

Na biyu, mu haɗa su a kan aiki guda. Shugaban makaranta, ka sa sabon malami da tsohon malami su shirya darasi tare, ɗaya ya san yadda ake riƙe aji mai yara da yawa da yadda ake magana da iyaye, ɗaya ya san kwamfuta da sabon tsarin jarrabawa. Mai gareji, injinan yanzu suna zuwa da na'urorin da yaronka ya fi ka saurin ganewa, kai kuwa da jin ƙarar inji kake sanin ciwonsa. Ku duba mota tare. Idan kuma lokacin yaye shi ya yi, ka yaye shi da albarka, kada ka riƙe shi shekara da shekaru domin arhar aikinsa.

Na uku, manya su saki mabuɗi tun suna da rai. Musa ya ɗora wa Joshuwa hannu a gaban dukan jama'a tun yana tsaye da ƙafafunsa. Dattijon da ya riƙe littafin kuɗi da hatimi da mabuɗin sito har ranar mutuwarsa, ya bar wa na baya rikici. Ba a fafe gora ranar tafiya. A wurin taro kuma, dattawa su bar ƙanana su fara magana, gama a al'adarmu idan babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, yaro ba zai iya buɗe baki ba. Elihu ya yi shiru har manyan abokan Ayuba uku suka gama, alhali akwai magana cike da cikinsa. Elihu nawa ne suke zaune shiru a majalisunmu?

Na huɗu, ikilisiya ta zama abin koyi. Muna da zumuntar mata, da zumuntar maza, da zumuntar matasa, da ƙungiyar mawaƙa, kowace da ranarta, wannan kuwa yana da kyau. Amma idan kowace ƙungiya ta zama fadar Rehobowam, inda tsara ke jin tsara kaɗai, akwai hatsari. Kwamitin gini, da na gonar ikilisiya, da na taimakon 'yan gudun hijira, a sa furfura da baƙin gashi a cikin kowanne. 'Yan fansho da ke cikinmu, tsofaffin malamai da akawu da ma'aikatan jinya da malaman gona, a ba su aji a makarantar Lahadi, a ba su yara masu shirin jarrabawa, a ba su duba lissafin baiko. Matasa kuma su ɗauki littafi da alƙalami, ko wayarsu, su zauna a gaban tsofaffi su rubuta iyakokin gonaki, da sunayen iri, da tarihin yadda bishara ta iso garinsu, tun masu labarin suna nan.

Mu tuna da yadda aikin bishara ya iso mana. Samari uku ne, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893 da nufin shigowa ƙasashen nan namu. Bingham bai cika shekara 21 ba a lokacin. Amma wadda ta sa masa nauyin ƙasar nan a zuciya dattijuwa ce, mahaifiyar Gowans, a birnin Toronto. Ɗanta da Kent suka rasu a 1894, ita kuwa ba ta daina addu'a da ƙarfafa aikin ba. Ƙafafun samari ne suka yi tafiyar, gwiwoyin tsohuwa suka riƙe ta.

Fiye da kome, mu dubi Ubangijinmu. Yana jariri, tsofaffi biyu ne, Saminu da Hannatu, suka gane shi a Haikali. Yana ɗan shekara 12 ya zauna a tsakiyar malamai yana saurare yana tambaya. Da ya girma kuma ya tsawata wa almajiransa sa'ad da suka so su kori yara daga wurinsa. A gicciye ya ba da ransa domin tsoho da yaro da farashi ɗaya, watau jininsa. Wanda Almasihu ya saya da tsada haka, wane ne mu da za mu ce ya tsufa da yawa, ko ya yi ƙanƙanta da yawa? Idan kuwa akwai mai sauraronmu da bai ba da ransa ga Yesu ba tukuna, ko furfura ta rufe kanka, ko yanzu kake tasowa, ƙofa a buɗe take yau.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Ubanmu, kai ne Allah na kakanninmu da na jikokinmu. Mun gode maka domin tsofaffin da ka bar mana, ka ƙara musu lafiya, ka buɗe bakinsu su koyar, ka ba su zuciyar sakin aiki cikin salama. Mun gode maka domin matasanmu, ka ba su aikin yi na halal, ka ba su kunnen saurare da ƙarfin halin faɗin gaskiya cikin ladabi. Ka tuna da mutanen Safana da Batsari da dukan ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, Kirista da Musulmi, manoma da makiyaya. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda suka warwatse, ka sa uba da ɗa su sake tsayawa a gona ɗaya ba tare da tsoro ba. Ka ba shugabanninmu hikimar neman shawara daga manya da ƙanana. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Jama'a, a nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a wannan lokaci. Ubangiji ya kiyaye ku, ya sa albarka a kan aikin hannuwanku.